An ce sai an wanke mini saiwar haƙori, ni kuma tsoro nake ji

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mako uku ke nan turmina na ƙasa yana hana ni barci. Na je an ɗauki hoto, aka ce ruɓewar ta kai jijiya, sai an yi mini aikin wankin saiwa da ake kira rut kanal. Yayata ta ce an taɓa yi mata, ta sha azabar da har yau ba ta manta ba, wai gara in sa a cire shi in huta. Kwana biyun nan ma ciwon ya lafa tun da na fara shan magani. Shin dole ne a yi aikin? Kuma da gaske yana da zafi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Bari in fara da ƙarshen saƙonki, inda kika ce ciwon ya lafa, don wannan ya fi damuna a kan maganar yayarki. Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne kamar yadda ake ganinsa daga waje. Farin ɓawon nan da muke gogewa shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba, can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai laushi, da jijiyoyin jini da na jin zafi a cakuɗe. Mu kira wannan tsokar ɓargon haƙori. Daga ɗakin nan 'yan siraran hanyoyi suke gangarawa ta cikin kowace saiwa, su ɓulle ta ƙarshenta zuwa ƙashin muƙamuƙi. Idan ruɓewa ta yi ta ci har ƙwayoyin cuta suka isa ɗakin, sai ɓargon ya kumbura. Kusan ko'ina a jiki in ya kumbura yana da wurin buɗawa, ban da nan, domin bango ne mai tauri ta kowane gefe. Shi ya sa ciwon yake bugawa kamar ana kiɗa a ciki, ya kuma fi tashi da dare in an kwanta.

Ɓargon da ya kai wannan hali ba ya komawa daidai. A hankali yake mutuwa, ranar da ya gama mutuwa kuma sai ciwo ya ɗauke ɗif, mai shi ya ce ya warke. Alhali ƙwayoyin cutar suna nan, sun ma samu ɗaki na kansu da abinci, kuma hanyar saiwa a buɗe take zuwa ƙashi. Bayan makonni, ko watanni, wani har shekara, sai su tara mugunya a gindin saiwar. A lokacin ne za ki ji haƙorin kamar ya fi sauran tsawo, ba kya iya tauna a kansa, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana tsiyaya yana komawa, ko kuma ki wayi gari kunci ya haye. Lafawar da kika ji ɗayan biyu ce: ko magani ne ya rufe zafin, ko ɓargon ne ya fara mutuwa. Likitanki zai bambance su cikin minti biyu, ya ɗora wa haƙorin auduga mai sanyi ƙwarai, ya ɗan ƙwanƙwasa shi, ya duba hoton. Ko wanne ne daga ciki, aikin yana nan yana jiran ki.

Ban san wane magani kike sha ba, amma in antibayotik ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki sani ba ya warkar da wannan. Jini ne yake kai magani inda ake bukata, shi kuwa ɓargon da ya mutu jini ya daina shiga cikinsa. Maganin zai iya danne kumburin da ke kewaye na ɗan lokaci, amma maɓoyar tana nan ba a taɓa ta ba, an dai kashe maciji ba a sare kansa ba. Muna ba da antibayotik ne idan kumburi ya fara yaɗuwa ko zazzaɓi ya shigo, kuma tare da aiki, ba a madadinsa ba. Tun 1965 wani bincike na wani masani mai suna Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka ya fayyace tushen matsalar. Sun huda haƙoran ɓeraye kashi biyu har zuwa ɓargo, suka bar su a buɗe. Ɓerayen da aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, ɓargonsu ya warke da kansa. Na yau da kullum kuwa ɓargonsu ya mutu, gindin saiwa ya yi ƙurji. Wato ƙwayoyin cuta ne masu laifi. Duk aikin nan da sunansa ke firgita mutane, manufarsa a fitar da su daga cikin saiwa, a toshe hanya kada su dawo.

Yanzu ga maganar yayarki. Ba zan ce ƙarya take yi ba, kuma ba na jin daɗin abokan aikina da ke cewa da majiyyaci "ai babu zafi ko kaɗan" kafin su duba bakinsa. Akwai mutanen da suka ji zafi a kan kujera da gaske, kuma akwai dalili. Haƙorin da aka bari ya yi kwanaki yana zogi, jijiyarsa takan zama a harzuƙe, abin da bai kai ya kawo ba sai ta ɗauka da zafi. Wurin da ya kumbura ko ya yi mugunya kuma allurar kashe zafi ba ta kama shi da kyau. Turmin ƙasa ya fi kowane haƙori wannan gardama, saboda ƙashin muƙamuƙin ƙasa yana da kauri, dole sai an kashe babbar jijiyar daga can baya. Sai ka ga leɓe ya yi nauyi, rabin harshe ya ɗauke, amma da an taɓa cikin haƙorin mutum ya zabura. Idan likita mai gaggawa ne ya ce "ai na yi miki allura, ki daure", to wannan majiyyaciya ta tafi da labarin da za ta riƙa bai wa ƙannenta har tsufa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ban ga laifinta ba.

Amma wannan matsala sananniya ce, kuma tana da magani. Likitan da ya san aikinsa ba ya fara huda sai ya gwada haƙorin da sanyi ya tabbatar ba kya jin komai. In kin ji, sai ya ƙara allura ta wata hanya: a gefen dasashi ta wajen kunci, ko a ɗan tsakanin da ke tsakanin haƙori da ƙashinsa, ko cikin ƙashin kansa, ko a ƙarshe cikin ɓargon kai tsaye, wadda takan yi tsini na daƙiƙa biyu zuwa uku sannan komai ya yi tsit. In duk an yi haƙorin ya ƙi, ana iya sa masa magani a rufe, a sake zama bayan kwanaki idan ya huce. Babu dokar da ta ce sai an gama yau. Ina kuma so ki lura da wani abu: yawancin masu ba da labarin azabar wannan aiki, in ka zauna da su ka bi labarin daki-daki, za ka tarar dararen da suka kwana riƙe da kunci kafin su zo ne suka haɗe musu da ranar aikin, suka zama abu guda a ƙwaƙwalwarsu. Na sha ganin wanda ya yi kwana uku bai runtsa ba, da allura ta kama shi sai ya ɓingire da barci ina tsakiyar aiki.

Ga yadda ranar za ta kasance, don abin da mutum ya sani ba ya firgita shi kamar abin da yake hasashe. Za a shafa miki wani man kashe zafi a dasashi kafin allura, ki roƙa in ba a yi ba. Allurar kanta ba tsinin ne ya fi damun mutane ba, turawar ruwan ne, shi ya sa in aka tura a hankali da kyar ake ji. Maganin da aka fi amfani da shi lidokain ne, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, kuma galibi ana gauraya shi da ɗan adirenalin don ya daɗe a wurin. Wannan adirenalin yakan sa wasu su ji zuciya na bugawa da sauri, hannu na ɗan rawa, na 'yan mintoci. In kin ji haka kada ki ɗauka wani abu ne ya ɓaci, ki faɗa wa likita, zai jira ya wuce. Mutane da yawa a nan tsoronsu yake ninkuwa, kawai don ba wanda ya gaya musu tun farko.

Daga nan za a shimfiɗa wata siririyar roba a bakinki, a fito da haƙorin shi kaɗai ta wata 'yar huda, a riƙe shi da ɗan maƙalin ƙarfe. Da ganinta za ki ce za ta hana numfashi, amma hanci a buɗe yake, kuma ana iya zuƙe miki yawu ta ƙarƙashinta. Wani likita a birnin Niyok, Sanford Barnum, shi ya ƙirƙiro ta tun 1864, har yau ba a samu abin da ya fi ta ba. Tana hana yawu da ƙwayoyin cutar baki shiga inda ake wankewa, tana kuma hana ruwan wanki da ƙananan kayan aiki faɗawa maƙogwaro. A ra'ayina, in za ki yi wa likita tambaya ɗaya tak kafin ki amince masa, ki tambaye shi ko yana sa wannan robar.

Sai a huda saman haƙorin a shiga ɗakin ɓargo. Ƙarar injin da girgizarsa za ki ji, ba zafi ba, kuma wannan ɓangaren bai fi 'yan mintoci ba. Sauran aikin shiru ne da haƙuri. Likita zai nemo bakin hanyoyin, waɗanda wasunsu ba su fi silin gashi kauri ba. Haƙoran gaba galibi hanya ɗaya gare su, turmin ƙasa irin naki uku ko huɗu. Zai auna tsawon kowace da wata na'ura mai ƙara tsit-tsit idan an kusa ƙarshen saiwa, ya tabbatar da hoto, sannan ya riƙa kankare bangon hanyar da wasu 'yan siraran magogai. Na da ƙarfe ne mai taurin kai, ba ya son lanƙwasa. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara yin su da haɗin nikel da taitaniyam, masu bin saiwa duk inda ta karkata, wannan ya rage tsawon aikin ya kuma rage kuskure. Tsakanin kowace kankara ana ɗuraye hanyar da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, dangin sinadarin da ke cikin bilic ne amma a tsarme, za ki ma iya jin ƙanshinsa. Shi ne ainihin mai wankin, magogan hanya kawai suke buɗa masa.

In saiwar ta bushe tsaf, ana iya cikewa a zama ɗaya. In akwai mugunya ko tana ta tsatsafa, sai a zuba wani farin magani a ciki, a yi cikon wucin gadi, ki dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Abin da ake cike hanyoyin da shi wani irin danƙo ne na bishiyoyin yankin Maleshiya, ana kiransa gata-faca, an fi shekara ɗari ana amfani da shi, tare da wani manne da ke toshe 'yan ƙofofin da suka rage. Kowane zama yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Gaskiya abin da majiyyatana suka fi kuka da shi bayan an gama shi ne gajiyar buɗe baki, kuma akwai ɗan tallafin roba da ake sawa tsakanin haƙora a huta a kansa.

Game da tsoron kansa, shekarun da na yi a wannan aiki sun koya mini cewa ba zafi ne ya fi tsorata mutane ba. Kwanciya ce rigingine, baki a buɗe, ba ka iya magana, wani yana aiki a inda ba ka gani, ba ka kuma san yaushe zai tsaya ba. Don haka maganin farko shi ne a mayar miki da linzami a hannunki. Kafin a kwantar da kujera ki ce, "Likita, ni fa matsoraciya ce, kuma ga abin da ya faru da yayata." Ba abin kunya ba ne, mun fi son mu sani. Ku yi yarjejeniya cewa duk lokacin da kika ɗaga hannun hagu zai dakata nan take, ko zafi kika ji, ko yawu ya taru, ko hutawa kawai kike so. Ki gwada shi sau ɗaya tun da wuri ki ga ya tsaya. Abin mamaki, wanda ya tabbatar za a tsaya masa ba kasafai yake ɗaga hannun ba.

Ki kuma gaya masa irin mutumin da kike. Wani yana so a riƙa faɗa masa kowane mataki, wani kuwa ko kayan aikin ba ya son gani, ya fi son ya rufe ido ya sa abin sauraro a kunne. Duk biyun daidai ne, likita dai ba zai iya karanta zuciya ba. Ki karɓi lokacin safe in da hali, don kada ki yini kina saƙa da warwara. Ki ci abinci mara nauyi kafin ki fito, yunwa da fargaba in suka haɗu su ne suke sa mutum jiri ko suma a kan kujera. Ki zo da wanda hankalinki yake kwanciya da shi, amma don Allah ba yayar nan taki ba. In kika ji ƙirji ya cushe, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, ki saki kafaɗu da yatsun ƙafa, domin nan ne mutane suke ƙanƙamewa ba su sani ba. Wanda tsoronsa ya wuce wannan, akwai iskar da ake shaƙa ta hanci mai kwantar da hankali, wadda likitocin haƙori suke amfani da ita tun 1844, akwai kuma ƙwaya ko allurar jijiya da ke sa mutum gyangyaɗi. Ba kowane asibiti ke da su ba, kuma in an yi miki na ƙwaya ko allura sai da mai raka ki gida. Yawancin mutane ba sa bukatarsu.

Bayan allura ta sake ki, haƙorin zai yi tsami na kwana biyu zuwa uku, wani har mako, musamman in an tauna a kansa. Wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ce, naman da ke riƙe da saiwar ne yake hucewa. Farasitamol da ibufurofen sukan wadatar, sai dai ibufurofen ba na mai gyambon ciki ba ne, ko ciwon ƙoda, ko mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini, don haka ki bari likita ya zaɓa miki. Kada ki ci komai sai leɓe ya dawo, mutane suna tauna kuncinsu ba su ji ba. Kaɗan daga cikin majiyyata ciwon yakan taso musu da ƙarfi ko kumburi a kwanakin farko. In ya faru ki koma, ana buɗewa a sake wankewa.

Cirewa kuwa, da yayarki take ganin ita ce hutu, ita ma da allurar nan ɗaya ake yin ta, a wuri ɗaya, da gardamar kamawa iri ɗaya. Ba ki tsere wa abin da kike tsoro ba ke nan. Bayan haka kuma giɓin ba ya zama haka nan. Maƙwabtan haƙorin sukan karkato cikinsa, abokin taunarsa na sama ya riƙa zazzagowa, ƙashin wurin ya riƙa janyewa, tauna ta koma gefe guda. Cike giɓin da dashen ƙarfe a cikin ƙashi, ko gada (haƙorin roba da ake jingina wa maƙwabtansa), aiki ne da ya fi wankin saiwa tsawo, galibi ya fi shi tsada. Akwai lokacin da ni da kaina nake cewa a cire: idan saiwa ta tsage a tsaye, ko ruɓewa ta cinye haƙorin har ƙarƙashin dasashi babu abin da za a gina a kai, ko ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye yana girgiɗi. Tunda likitanki ya ga hoto ya ce a wanke, alama ce yana ganin naki zai tsira.

Ba kowane aiki ne yake yin nasara ba, wannan ma ya kamata ki ji daga bakina. Wata hanya takan ɓuya ba a gan ta ba, wani magogi yakan karye a ciki, wata saiwar takan ƙi warkewa sai an sake wankin ko an yanke ƙarshenta ta dasashi. Amma wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, wanda ya bi haƙora sama da miliyan 1.4 da aka yi wa wannan aiki, ya tarar kashi 97 cikin ɗari suna nan a bakin masu su bayan shekara takwas. Cikin 'yan kaɗan da aka cire kuma, mafi yawansu waɗanda ba a sa wa hula ba ne, wato murfin da ake kifa wa haƙorin bayan aiki don ya kare shi. Wannan batu na hula shi ne inda na fi ganin mutane suna asarar wahalarsu. Turmin da ruɓewa ta cinye cikinsa, aka kuma huda shi, bangonsa ya yi siriri, ga shi kuma shi ne mai ɗaukar nauyin tauna. Ciwo ya tafi, sai mai shi ya manta da komawa, cikon wucin gadi ya zaizaye ƙwayoyin cuta su sake shiga, ko wata rana ya tauna abu mai tauri haƙorin ya rabe biyu. Ki sa kuɗin hular da lokacinta cikin lissafinki tun yanzu, kuma kafin a sa ta ki riƙa tauna a ɗaya gefen.

Wataƙila za ki ci karo da maganar da ke yawo a intanet cewa haƙorin da aka wanke wa saiwa gawa ce a baki, yana haddasa ciwon daji da ciwon zuciya. Asalinta gwaje-gwajen wani likita ne, Weston Price, a farkon ƙarni na 20, lokacin da aka yi ta zare wa mutane haƙora da sunan maganin cututtukan jiki. Masu bincike da suka biyo baya sun gano kurakurai a yadda ya yi gwajin, kuma tun wajen shekarun 1950 aka yi watsi da ra'ayin. Haƙorin ma ba gawa ba ne. Cikinsa ne kawai aka kwashe, naman da ke kewaye da saiwarsa yana nan da rai da jininsa, shi ya sa za ki ci gaba da jin sa in kin tauna.

Kafin ranar, ki sanar da likita in kina da juna biyu, ko ciwon suga, ko hawan jini, ko matsalar zuciya, ko akwai maganin da jikinki ba ya karɓa. Ba ɗayansu da yake hana aikin, mai ciki ma ana yi mata, shiri ne kawai yake canzawa. Kada ki danna asfirin ko wata ƙwaya a jikin dasashi, ƙona naman take yi ba ta isa jijiyar ba. In kuma kafin ranar da aka ba ki kika ga kumburi yana hawa wajen ido, ko yana sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe ki, kada ki jira wayewar gari, ki tafi sashen gaggawa na asibiti a daren.